Tsohon zarto, da sauran sunayen da Bature yake kiran karin maganarsa

Ni aikina lesin ɗin Turanci da yamma, yawancin ɗalibaina yara ne masu shirin WAEC da NECO, sai 'yan manya kaɗan masu son zana IELTS don fita waje karatu ko aikin jinya, sai kuma wasu ma'aikata da su dai burinsu su daina neman wanda zai rubuta musu wasiƙar ofis. Duk wanda ya taɓa duba insha'in yaranmu na Turanci ya san cutar da zan faɗa, ko me aka tambaye su, ko matsalar ruwan famfo ce ko shaye-shaye ko wasiƙa zuwa ga kawu, layin farko sai ka ga as the popular adage says, daga nan a jefo maka karin magana guda, a tsakiya a ƙara wata, a ƙarshe a rufe da wata, kuma yaro yana miƙo maka takardar yana murmushi don a ganinsa ya gama da kai. Ban taɓa ganin laifinsu ba fa, don haka aka tarbiyyantar da kunnenmu, a wajenmu wanda ya iya saka karin magana a inda ta dace shi ne ya iya zance, kuma tun daga sunan da muke ba masu ita ka san akwai girmamawa, masu iya magana sun ce, 'yan magana na cewa, Hausawa suka ce. Kana faɗin haka ka jawo kakanni sun tsaya a bayanka, wanda zai musa maka sai ya shirya.

Abin da ya sa na zauna na yi wa abin nan aiki na musamman wata jimla ce da muka ci karo da ita a wani rubutun jaridar Ingila da na kawo musu don gwajin fahimta, marubucin ya ambaci the old saw sannan ya kawo maganar nan tasu ta cewa kuɗi ba ya sayen farin ciki. Na tambayi aji me old saw take nufi. Wani yaro da babansa kafinta ne ko ɗaga hannu bai yi ba ya ce Malam tsohon zarto, aji ya fashe da dariya, wata kuma daga baya ta ce a'a Malam saw ai past tense ɗin see ce, wato abin da tsoho ya gani. Wallahi ta biyun ta burge ni don ta kusa da ma'anar ta wata hanya ko da yake ba nan asalin yake ba. Saw ɗin nan ta uku ce daban, ba zarto ba ce ba kuma gani ba, tsohuwar kalma ce da ta fito daga sagu a tsohon Turancin da aka yi shekara dubu da suka wuce, ma'anarta magana ko abin da aka faɗa, tushensu ɗaya da say da kowa ya sani, kuma 'yar uwar saga ce, sunan dogayen labaran nan na mutanen tsibirin Aisland. Yanzu kusan ba ka jin ta ita kaɗai, sai dai a manne da old. To old saw dai ita ce karin maganar da kowa ya sani, wadda aka daɗe ana faɗa.

In da a nan abin ya tsaya da ba sai na ɓata muku lokaci ba, ƙamus ma zai gaya maka haka cikin layi ɗaya. Abin da ƙamus ba ya nuna maka sosai shi ne fuskar da mutum yake yi lokacin da yake faɗinta. Don na nuna musu wannan sai na ba su aiki, na ce kowa ya shiga intanet a wayarsa, shafin BBC na Turanci ko Guardian ta Landan ko duk wata jarida ta can, ya nemo inda aka rubuta old saw ko old adage ko old chestnut ko as the saying goes, amma sharaɗina kar wanda ya kwafo min jimlar ita kaɗai, sai ya haɗo da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo bayanta. Muka buɗe guruf a WhatsApp suna turowa, ranar Asabar mu baje su a allo mu karanta. Wasu sun yi ƙorafin data, wasu sun kwafi na abokansu kamar yadda aka saba, amma abin da ya taru ya isa a ga hoton.

Su da kansu suka gano, ban gaya musu ba. Wata ɗaliba mai shirin IELTS ce ta fara cewa Malam ni fa na lura duk inda aka ce old saw sai na ga but a jimla ta gaba. Haka ne kuwa, galibin waɗanda suka kawo, marubucin ya ɗauko karin maganar ne don ya musa ta, ko ya ce da gaskiya ce amma yanzu ta daina, ko kuma ya ce abin mamaki wannan tsohuwar maganar ashe har yanzu tana aiki, wato ko da zai yarda da ita sai ya fara nuna maka ya san ta tsufa, kar ka ɗauka shi ɗan ƙauye ne da yake tunani da bakin kakarsa. Mu muna kawo karin magana don mu rufe gardama, shi kuma marubucin Ingila sau da yawa yana kawo ta ne don ya buɗe gardamar, ya kafa ta a gabansa sannan ya yi ta dukanta. Wannan bambancin shi ne duk abin da nake so su gane, kuma sai da suka gani da idonsu a rubutun mutanen sannan ya zauna musu.

Wannan ɗan rainin ba sabo ba ne. Shakespeare a wasansa As You Like It, wanda ya rubuta wajen 1599, akwai jawabin nan da aka kasa rayuwar mutum kashi bakwai tun daga jariri har tsohon da haƙoransa suka zube, a mataki na biyar ya kawo alƙali mai ƙaton tumbi da ya cika da naman kaji, ga gemu an gyara, ga muzurai, sai ya ce full of wise saws and modern instances, wato bakinsa cike da karin magana da misalan da kowa ya sani. Ka ga tun lokacin ana yi wa mai yawan jefa karin magana kallon dattijon da ya ƙoshi yake son a ji muryarsa. Na karanta wa aji wurin sai wani ya ce Malam wallahi akwai irinsa a unguwarmu, na ce kar ka faɗi suna.

Daga nan muka jera sunayen a allo daga mai mutunci zuwa mara mutunci, kuma wannan jerin har yanzu shi nake fara koya wa duk sabon aji. Proverb ita ba ta da wani launi, suna ne kawai. Adage da maxim suna da ɗan kwarjini, adage ma tana da tarihi mai nauyi don wani malamin ƙasar Holan mai suna Erasmus ya tara irinsu daga Girkanci da Latin ya buga a 1500 da guda ɗari takwas da 'yan kai, ya yi ta ƙari har kafin ya mutu a 1536 sun haura 4,000. As the saying goes ita ce mafi aminci, ba yabo ba zagi, in ka rasa wadda za ka ɗauka ɗauki ita. Old saw ta fara gangarowa, akwai ɗan taɓe baki a cikinta. Sai old chestnut, wadda ita kam gajiya ce tsantsa. A can ƙasa kuma cliché da platitude, waɗannan in aka ce wa maganarka haka to an ce maka ba ka yi tunani ba. Cliché ma daga wajen masu ɗab'i na Faransa ta fito, sunan farantin ƙarfen da ake zubawa a riƙa buga abu ɗaya da shi sau dubu ba canji.

Bari na ɗan tsaya a kan old chestnut don ita ta fi ba ni aiki. Chestnut wani ɗan itace ne mai ɓawo ruwan ƙasa da ake gasawa a kan garwashi a titunan Turai lokacin sanyi, babu abin da ya haɗa shi da magana in ba wani wasan kwaikwayo ba. A 1816 aka nuna wani wasa a Landan mai suna The Broken Sword na William Dimond, a ciki akwai wani kyaftin mai son maimaita labari ɗaya, ya fara ba da labarin ya ce wai daga cikin rassan bishiyar cork, irin wadda ake yin murfin kwalba da ɓawonta, sai yaronsa Pablo ya katse shi ya ce a'a kyaftin bishiyar chestnut ce, wannan ne karo na 27 da na ji ka kana ba da labarin nan kuma kullum chestnut kake cewa sai yau. Wasan kansa an manta da shi, amma wajen shekarun 1880 kalmar ta bazu a Amurka a matsayin sunan tsohon barkwanci ko labarin da aka ji har aka gaji. Yau in ka kawo wata hujja Bature ya ce oh, that old chestnut, yana nufin kai dai ka sake dawo mana da tsohon zancen nan, kamar yadda in maigida ya fara wa matarsa bayanin cewa albashi bai shigo ba ta ce to an fara.

Dalilin da ya sa na ce ta ba ni aiki, akwai wani dattijo a ajin manya, ma'aikaci ne ya kusa ritaya, mutum mai kirki ƙwarai, muna ce masa Baba Alhaji. Aka ɗora masa rubuta jawabin bankwana na shugabansu a wurin aiki, shugaban kuma yana da wata magana da ya saba faɗa wa ma'aikata kullum a kan haƙuri da aiki. Baba Alhaji ya ji muna ta ambaton old chestnut a aji, kalmar ta yi masa daɗi a baki, bai zo ranar da muka yi jerin allo ba, sai ya je ya rubuta cewa ba za su taɓa mantawa da our chairman's old chestnut ba. Allah ya taimaka ya kawo min na duba kafin ranar. Na ce Baba ka san me ka ce wa Yallaɓai a nan? Ya ce na ce maganarsa mai daraja ta dattawa mana. Na ce a'a Baba, cewa ka yi shekara da shekaru yana damunku da zance ɗaya har kun ƙosa. Ya cire hula ya riƙe kai ya ce innalillahi, Malam ai da na gama aiki kafin shi, can kuma ya yi shiru ya ce amma fa tsakani da Allah hakan ne, mun ƙosa ɗin. Muka mayar da ita favourite saying aka wuce wurin.

Abu na biyu da muka tsinta a jimlolin da suka tara, wanda ban ma sa su nema ba, shi ne Turawa ba su cika faɗin karin magana har ƙarshe ba. When in Rome kawai za su ce su yi shiru, ba sai sun ƙarasa cewa ka yi yadda mutanen Rum suke yi ba. Birds of a feather, shi kenan. The last straw, daga maganar tsinken ƙarshe da ya karya bayan raƙumi. Silver lining, early bird, duk gutsattsari ne na dogayen maganganu. Wannan bai ba yaran wuya ba ko kaɗan don mu ma haka muke yi, wa yake tsayawa ya ƙarasa in ya ce gani ga wane, ko in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ko abin da ya koro ɓera? Rabin ya isa, mai ji zai ƙarasa a ransa, kuma ƙarasawar da ya yi da kansa ita take sa maganar ta shige shi. Abin mamakin shi ne yaron da a gida ba zai taɓa ƙarasa karin maganar Hausa ba, da ya koma Turanci sai ya rubuto ta cif har da aya, saboda haddace ta ya yi daga bayan littafi ba a bakin mutane ya tsince ta ba. Na ce musu in kana so a san ka iya, yanke ta a inda masu ita suke yankewa. Speak of the devil ma haka take, in ana zancen mutum sai ga shi ya shigo, a nan kam aji ya yi ta dariya don mu ɗan halak ka ƙi ambato muke cewa, su kuma shaiɗan suke kiran bawan Allah.

Mun kuma gwada haɗa nasu da namu, kowa ya kawo ta Hausa da ta yi daidai da ta Turanci, ina da tsohon kwafin littafin Kirk-Greene, Hausa ba dabo ba ne, wanda ya fito a 1966 da karin magana 500, shi muke dubawa in gardama ta yi zafi, ko da yake sau da yawa kakar wani a gida ta fi littafin amfani. Wasu sun zauna daram. A bird in the hand is worth two in the bush, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. All that glitters is not gold, kallon kitse ake wa rogo. The pot calling the kettle black, gwano ba ya jin warin jikinsa. Once bitten, twice shy, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Make hay while the sun shines na fi son a haɗa ta da a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, duk da hoton ya bambanta, su ciyawar dabbobi suke shanyawa a ƙasar da rana ba ta da tabbas.

Amma akwai tarko a wannan wasan. Kusan rabin aji sun haɗa too many cooks spoil the broth da hannu da yawa maganin ƙazamar miya, saboda sun ga miya a nan sun ga romo a can, sun ga yawa a nan sun ga yawa a can. Alhali kishiyoyin juna ne, ta Turancin cewa take in masu girki suka yi yawa sai su lalata romon, tamu kuwa yabon taron dangi take, 'yar uwarta a Turanci ita ce many hands make light work. Sai da na sa suka ƙirƙiro yanayi, na ce ga biki an tara mata goma a kan tukunya ɗaya kowa tana zuba gishirinta, wacce za ka faɗa? Ga kuma gona an kira gayya an gama noma kafin azahar, wacce za ka faɗa? A nan suka rabe su. Tun daga ranar na daina karɓar haɗi sai mutum ya kawo min yanayin da za a faɗi maganar a ciki, wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, me ya faru kafin nan. In bai iya kawo wannan ba to bai san ta ba, kalmominta kawai ya sani.

Sai kuma namu na Najeriya da muka gyara wa Turawa kayansu. Kowa a nan cut your coat according to your size yake cewa, alhali ta asali according to your cloth ce, kuma tsohuwa ce sosai don tana cikin tarin karin maganar Turanci da wani marubucin Ingila John Heywood ya buga a 1546, wanda a ciki ne kuma ake samun su Rum ba rana ɗaya aka gina ta ba. Ina da ɗalibi tela, da na faɗi haka ya ce Malam ai tasu ta fi ma'ana, ni in mutum ya kawo min yadi uku yana son babbar riga ba girmansa zan duba ba, yadin zan duba, kowa ma ai daidai jikinsa ake ɗinka masa, abin da ake ja maka kunne a kai shi ne abin da ke hannunka. Ban taɓa jin bayanin da ya fi nasa ba, daidai ruwa daidai tsaki kenan. Haka more grease to your elbow da muke yi wa juna, a Ingila more power to your elbow suka sani. Birds of the same feather muke cewa su of a feather. Mu mun ce shaiɗanin da ka sani ya fi mala'ikan da ba ka sani ba, su kuwa a tasu duka biyun shaiɗanu ne, better the devil you know than the devil you don't. Ni a ra'ayina waɗannan ba abin kunya ba ne, Turancin Najeriya ne kuma a tsakaninmu sun zauna, ta mala'ikan nan ma ni ta fi min daɗi. Amma mai duba takardar jarabawa ba ra'ayina zai bi ba, don haka ina koya musu ta asalin in ce su ajiye tamu don hira.

Maganar jarabawa kuwa, a nan ne na raba musu hanya biyu don ba abu ɗaya ake nema ba. A WAEC insha'i kalma 450 ake so, maki 50, kuma 20 daga ciki na yadda ka sarrafa harshe ne, sannan sun saba kawo tambayar da za a ce ka rubuta labari da zai fito da ma'anar wata karin magana, irin su a stitch in time saves nine, wadda ita ma tun 1732 tana rubuce a tarin Thomas Fuller. To a nan dole ka san ma'anarta ciki da waje, in ka ɗauka maganar ɗinki ce kawai ka rubuto labarin tela ka rasa makin abin da aka tambaya gaba ɗaya, alhali cewa ake ka toshe ɓaraka tun tana ƙarama. Abin da nake ce musu shi ne labarin ya yi aikin, karin maganar ta fito sau ɗaya tak, ba a yi ta nanata ta a kowane sakin layi ba. IELTS kuwa wani abu ne daban, rubutu biyu ake yi, na biyun kalma 250 ne aƙalla cikin kamar minti 40, hujja ake so da misali, kuma masu dubawa an horar da su su gane jimlar da aka haddace aka zo da ita daga gida, don haka every coin has two sides da as the popular adage says ba abin da za su ƙara maka, sun ma ci maka wurin da za ka sa hujja. A ɓangaren magana baki da baki ne ake son a ji ɗan salon magana na masu harshen, shi ma in ya fito da kansa ba wanda aka tura da ƙarfi ba.

Akwai malaman da saboda wannan suke hana ɗalibai karin magana kwatakwata, suna kafa hujja da marubucin Ingila George Orwell wanda a 1946 ya kafa dokokinsa shida na rubutu, ta farkon ita ce kar ka yi amfani da wani salon kwatance da ka saba gani a buge. Ni ban bi su har can ba. Orwell da 'yan siyasa da marubutan ƙasarsa yake, masu ɓoye rashin tunani a bayan tsofaffin kalmomi, kuma yana da gaskiya a kansu. Amma Chinua Achebe da Turancin nan dai ya rubuta Things Fall Apart da ya fito a 1958 ya cika shi da karin maganar Ibo, har ya ce a wajensu ita ce manjan da ake cin magana da shi, kuma duniya ba ta ce masa cliché ba, saboda nasa sababbi ne a kunnen mai karatu kuma kowacce tana bakin wanda ya dace ya faɗe ta. Shi ya sa nake gaya wa manyan ajin cewa in har kana jin dole sai ka sa karin magana a rubutun Turanci, to ta gidanku ta fi maka riba a kan tasu, ka ce there is a Hausa saying ka fassara ta a sauƙaƙe, Bature bai taɓa jin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba, zai tsaya ya saurara, amma tsuntsunsa na hannu ya ji shi tun yana firamare. Wata ɗaliba ta gwada haka a gwajin magana da muke yi a aji, na tambaye ta a kan ajiyar kuɗi ta kawo da muguwar rawa gara ƙin tashi ta yi bayaninta da Turancinta mai sauƙi, duk ajin sai da suka tafa mata, alhali makon da ya wuce ita ce mai as the popular adage says har sau uku a shafi ɗaya.

Wadda har yanzu ba mu gama da ita ba ita ce a rolling stone gathers no moss, dutsen da ke gangarawa ba ya tara gansakuka. Ita ma tana cikin tarin Heywood, kuma a tsohuwar ma'anarta ta Ingila faɗa ake wa mai yawo, wanda bai zauna wuri ɗaya ba ba zai tara komai ba, ba gida ba dukiya ba mutane. Amma da yawa a Amurka sun juya ta, a wajensu gansakukar ce abin gudu, wanda ke motsi ba ya tsatsa. Ajin manya ya rabe biyu a kanta, masu shirin fita waje duk sun bi Amurkawa suna cewa ai zaman wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi, Baba Alhaji da tela kuma suka tsaya a kan ta Ingila, tela yana cewa shi duk yaran shagonsa da suka yi ta tsalle daga wannan maigida zuwa wancan har yau ba wanda ya mallaki keken ɗinki nasa. Na ce kowa ya je ya nemo min jimla uku daga jaridun can, da ta gaba da ta baya kamar yadda muka saba, ya kuma duba ƙasar da jaridar take fitowa, Asabar mai zuwa za mu baje su a allo.